Mai Sabunta Inuwar Rumbu

Duk wanda ya ga mutum rataye da rigar sanyi a Maamobi cikin watan Maris zai ɗauka zazzaɓi ke damunsa. Haka ɗan yayata yake dawowa gida sau biyu ko uku a wata, daidai kiran assalatu, rigar a kafaɗa, idanu sun kaɗa sun yi ja. Yakan tsaya wajen mai koko ya karɓi nasa da ƙosai, ya yi sallah a masallacin lungu, ya kwanta a lokacin da yaran trotro suka fara kiran fasinjan Circle. Idan maƙwabta suka tambayi mahaifiyarsa, cewa take yi aikin kwamfuta yake yi a banki, su kuma su ce Allah ya yi albarka. Ni ma na daɗe iyakar sanina ke nan, sai da na zaunar da shi wani yammaci a ƙofar gida, muna shan ataya, na ce yau sai ya gaya mini abin da ke hana shi kwana a gida.

Ya ce, "Kawu, ai ka san mai susu."

Wa zai tashi a Nima bai san mai susu ba? Shi ne mai adashin da ke bin rumfuna kullum da jakarsa, yana karɓar abin da mai tumatir ko mai waakye ta iya cirewa, ya yi alama a katinta mai gida talatin da ɗaya, ya yi irinta a babban littafinsa, ƙarshen wata ya mayar mata da kuɗinta ya riƙe na kwana ɗaya ladansa. Irin waɗannan sana'o'i ne Bature Keith Hart ya zauna a Nima yana nazari tun daga 1965, har ya fito da maganar tattalin arzikin da ba ya cikin lissafin hukuma, wadda duniya ta ɗauka daga baya. Yaron ya ce littafin banki ma littafin mai susu ne, illa dai shi shafukansa miliyoyi ne, kuma ba a rufe shi. Tun da MTN ta kawo MoMo, wato tura kuɗi ta waya, Ghana a 2009, sannan a watan Mayun 2018 hukumar GhIPSS ta haɗa layukan waya da juna da kuma bankuna, babu sauran sa'ar da kuɗi ke tsayawa. Ƙarfe biyun dare wani yana tura wa matarsa kuɗin asibiti, wani yana sayen wutar mita. Wannan littafi shi ake kira rumbun bayanai, su a bakinsu databes. Yana zaune ne cikin wata ma'adana, akwatin ƙarfe mai tsayin mutum cike da faya-fayai, a ɗakin da ba taga, wanda na'urar sanyi ke hurawa dare da rana. Sirrin rigar sanyin ke nan.

Rumbun da ke aiki, wanda kuɗin mutane ke shiga da fita a cikinsa, suna kiransa furodakshan. Ni zan kira shi mai rai. Doka ta farko a sana'ar ita ce ba a gwaji a kan mai rai. Amma gwaji dole ne. Ɗauki harajin nan na tura kuɗi ta waya: an fara cire kashi 1.5 cikin ɗari a watan Mayun 2022, aka rage shi zuwa kashi 1 a Janairun 2023, aka soke shi a Afrilun 2025. Mu a unguwa magana ce ta rediyo da ta majalisar shayi. Su kuwa duk sauyi ɗaya yana nufin a taɓa lissafin da ke cikin manhaja, a gwada shi a kan asusai masu kama da na gaske, masu yawan na gaske, kafin a sake shi a kan jama'a. Masu binciken kuɗi ma suna son nasu kwafin, masu haɗa rahoton da ake kai wa Babban Bankin Ghana suna son nasu, don kada tambayoyinsu masu nauyi su sa layin da ke gaban kanta ya tsaya. Saboda haka kowane rumbu mai rai yana da 'yan'uwa uku ko huɗu ko fiye. Su kuma kwafi tsufa suke yi. Na wata uku da ya wuce bai san sababbin asusai ba, bai san sabon tsarin ba, kuma masu gwaji sun riga sun dagula shi. Sai a zubar da shi a ɗebo sabo daga mai rai. Wannan shi ne rifiresh, sabuntawa, kuma shi ne abin da yaron nan yake ci da shi.

Na tambaye shi yadda ake kwafe littafin da ba a daina rubutu a cikinsa. A nan ne ya gyara zama.

A da, in ji shi, kwafewa ake yi da gaske, shafi bayan shafi, daga kaset zuwa faifai, a kwana ɗaya ko biyu ana abu ɗaya. Yanzu ma'adanar kanta ke ɗaukar abin da suke kira sinafshot. Ka ɗauka littafin nan warwararrun takardu ne, irin littattafan malamanmu na da da ake ɗaurewa cikin gafaka, kuma akwai fihirisa mai nuna inda kowace takarda take. Sinafshot ba ya kwafe takarda ko ɗaya. Fihirisar kawai yake riƙewa yadda take a wannan ƙiftawar ido, sannan ya kafa sharaɗi: daga yanzu duk takardar da sunanta ke cikin wannan fihirisa ba a goge ta, mai son gyara ya ɗauki sabuwa ya rubuta. Ta haka sai ka samu littafi biyu masu tarayya a kusan dukkan takardunsu, ɗaya yana ci gaba da tafiya, ɗaya ya tsaya cak a ƙarfe ɗaya da minti goma na dare. Komai girman rumbun, cikin daƙiƙoƙi an gama, kuma da farko ba ya cin wuri. Sai a hankali, gwargwadon yadda mai rai ke sauyawa, tsofaffin takardun da aka hana gogewa su riƙa taruwa. Wasu ma'adanan kuma ta wata hanyar suke bi, su kwashe tsohuwar takardar su ajiye gefe kafin a yi rubutu a gurbinta. Kowane kamfani da sunan da ya raɗa wa nasa: IBM na da FlashCopy, EMC ta daɗe da TimeFinder, NetApp na da FlexClone. Na Microsoft kuwa da kalmar inuwa aka gina sunansa, kuma ni ita ta fi kwanta mini. Inuwa ce, tana da siffar mai ita ba tare da nauyinsa ba.

Wahalar sana'ar tana cikin zaɓen wannan ƙiftawar. Ranar Laraba ce, kasuwar Nima ta cika, wata Hajiya mai albasa ta danna waya ta tura sidi ɗari biyar ga mai kawo mata kaya daga Bawku. A cikin rumbu wannan aiki biyu ne: a cire daga nan, a zuba a can. Idan inuwar ta faɗo tsakanin biyun, za ka samu littafin da kuɗin ya bar hannun Hajiya bai isa ko'ina ba. Masu ƙera rumbunan bayanai sun daɗe da maganin wannan. Kafin a taɓa babban littafi sai an fara rubuta niyyar a wani ƙaramin littafi na jerin aukuwa, wanda suke kira log. Idan rumbu ya farka daga faɗuwa, log yake karantawa, ya ƙarasa abin da aka kammala, ya warware abin da aka bari rabi. To amma sau da yawa babban littafin yana kan wasu faya-fayai, log yana kan wasu. In aka ɗauki inuwar wannan yanzu, ta wancan bayan daƙiƙa biyu, labarinsu zai saɓa, rumbun ya ƙi buɗewa, ko kuma abin da ya fi muni, ya buɗe da ɓarna a ɓoye. Don haka ake ɗaure faya-fayan duka a ƙungiya ɗaya, a ɗauke su a numfashi ɗaya. Wani lokaci kuma sai an sanar da rumbun tukuna. Oracle yana da umarnin da ake ba shi ya shiga halin ajiya, a ɗauka, sannan a sake shi. A ɓangaren Microsoft tsarin yakan riƙe duk wani rubutu na ɗan lokaci, kuma ba a yarda riƙon ya wuce daƙiƙa goma ba, in ya wuce an fasa. Yaron ya ce a cikin waɗannan daƙiƙoƙi shi ma ba ya numfashi.

Ya ba ni labarin daren aiki tiryan-tiryan. Tun da rana an cike takardar neman izini, shugaba ya sa hannu, an rubuta abin da za a yi da yadda za a koma baya in abu ya ƙi. Sai a jira banki ya gama lissafin rufe rana. Sannan a kashe tsohon kwafi, a cire faya-fayansa daga saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da su, a ɗauki sabuwar inuwa, a ɗora ta a gurbin tsohuwar, a mayar da faya-fayan, a tada rumbun ya karanta log ɗinsa, a sauya masa suna. Yawancin wannan rubutaccen umarni ne da suke kira sikirif, shi ke tafiyar da kansa. Amma akwai wuri ɗaya da ba ya yarda da sikirif shi kaɗai. A allon akwai gurbi biyu, na inda za a ɗebo da na inda za a zuba, kuma sunayen faya-fayan dogayen lambobi ne da harafi ɗaya ke iya bambanta su. In aka juya su, tsohon kwafin gwaji ne zai hau kan mai rai ya shafe shi, na'urar kuma ba za ta yi gardama ba. Saboda haka yakan karanta lambar da ƙarfi, abokin aikinsa yana duba takarda yana amsawa, su sake a karo na biyu, sannan ya yi bisimilla ya danna. Da ya faɗi haka sai na tuna da muƙabala, yadda almajiri in ya gama kwafe littafi yake karantawa malam yana riƙe da asalin. Ƙasar nan ta san wannan aiki tun zamanin su Alhaji Umaru na Kete-Krachi, wanda ya rasu a 1934.

Wannan tsoro ba na banza ba ne. A ranar 31 ga Janairun 2017 wani injiniyan kamfanin GitLab, cikin dare kuma a gajiye, ya ba da umarnin share bayanai yana zaton yana kan rumbu na biyu, ashe a kan mai rai yake. Kafin ya ankara kusan gigabait 300 sun tafi. Da suka juya ga hanyoyin ajiyarsu sai suka tarar ba su aiki yadda aka zata. Abin da ya cece su shi ne wata inuwa da aka ɗauka da hannu kimanin sa'a shida kafin nan, don sabunta rumbun gwaji. Aikin sa'a shida ya salwanta, sauran ya dawo. Kamfanin bai ɓoye ba, ya bayyana wa duniya abin da ya faru dalla-dalla, shi ya sa har yau 'yan sana'ar ke koya wa na baya da wannan labari.

Akwai wani haɗarin da ban taɓa kawowa a raina ba. Kwafi idan ya farka bai san shi kwafi ba ne. Yana ɗauke da duk ayyukan da aka tsara wa mai rai: tura saƙon waya ga masu asusu, cire kuɗin bashi a ranarsa, magana da na'urorin wasu bankuna. Yaron ya ce a wani wurin da ya taɓa aiki an buɗe kwafi ba a toshe masa baki ba, kafin gari ya waye mutane sun tashi da saƙon cewa an cire musu kuɗin da ba a cire ba. Ko pesewa ba ta ɓata ba, amma ka yi tunanin tsohuwar da ta ga wannan saƙo bayan sallar asuba, ga kuɗin makarantar jikoki a ciki. Tun daga ranar, abu na farko da yake yi shi ne yanke wa kwafin duk wata hanya ta waje kafin ya tashe shi.

Inda maganar ta fi taɓa ni shi ne mataki na ƙarshe, wanda shi ne aka fi son tsallakewa idan ana sauri. Rumbun mai rai yana da ƙofofi da makullai, ba kowa ke leƙa shi ba, wanda ya leƙa ma an rubuta sunansa. Kwafin gwaji kuwa hannuwa da yawa ke taɓa shi: masu rubuta manhaja, 'yan kwangila daga waje, ɗalibai masu bautar ƙasa. Alhali abin da ke cikinsa na gaske ne. Tun 1 ga Yulin 2022 katin ɗan ƙasa na Ghana Card ne kaɗai shaidar da bankuna ke karɓa, layin waya ma da shi ake rajista, ga kuma adireshin GhanaPost GPS da aka kawo a 2017. Layi ɗaya a cikin rumbu zai gaya maka sunan mutum, lambar katinsa, wayarsa, ƙofar gidansa, abin da ya mallaka da bashin da ke wuyansa. Don haka kafin a miƙa kwafi ga masu gwaji sai an ɓad da kama: a musanya sunaye da na ƙirƙira, a hautsina lambobi, a bar siffar lissafin yadda take amma a cire fuskar mutane. Dokar kare bayanai ta 2012, mai lamba 843, ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan jama'a nauyin tsare su, Babban Banki ma ya fitar da nasa umarnin kan tsaron bayanai a 2018. Amma doka ba ta zama a ɗakin da ƙarfe ukun dare. Wanda ke zaune a ɗakin shi ne yaro mai jin barci, ga manaja yana bugo waya yana cewa masu gwaji na jira tun jiya, ga ɓad da kama yana cin sa'o'i.

Mu a Zango mun san darajar rufin asiri fiye da kowa, domin muna zaune ne a kan juna. Ɗaki na jikin ɗaki, tagar wannan na kallon tsakar gidan wancan, kowa ya san wanda ya ɗora tukunya da wanda bai ɗora ba. Abin da ya rage wa mutum nasa shi kaɗai shi ne abin da ke aljihunsa. Attajirin da kasuwa ta juya wa baya yana ci gaba da sa babbar riga ranar Juma'a, bazawara tana tara nata a ɓoye don kada dangi su yi mata caa. Na tambaye shi ko mutane na zuwa masa. Ya yi shiru, sannan ya ce suna zuwa. Wata gwaggonsa ta taɓa kiransa ɗaki ta rufe ƙofa, ta ce, "Ɗana, don Allah duba mini ko mai gidan nan yana da wani asusun da ban sani ba." Wani kuma so yake a duba masa mai neman 'yarsa. Amsarsa ɗaya ce, ba ya iya gani. Ya ce mini, "Kawu, wani lokacin gaskiya ce, wani lokacin kuma zan iya, amma ranar da na duba na mutum ɗaya na gama sana'a, ko ba wanda ya kama ni." Gwaggon ta yi wata biyu tana amsa gaisuwarsa a daƙile. A ganina wannan shi ne tsadar aikin, kuma ba ya cikin takardar albashi.

Abu ɗaya da ya nanata mini har sau uku shi ne inuwa ba ajiya ba ce. Tana zaune ne a akwati ɗaya da mai ita, a kan takardu ɗaya. In akwatin ya ƙone, sun tafi tare. In aka manta da tsofaffin inuwoyi suka taru suka cinye wuri, suna iya tsayar da mai rai ɗin kansa. A watan Maris na 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen ajiyar bayanai na kamfanin OVH a Strasbourg ta Faransa, waɗanda ajiyarsu ke wuri ɗaya da asalin suka rasa duka biyun. Mu ma ba sai an ba mu labarin ruwa da wuta ba, mun ga daren 3 ga Yunin 2015 a Circle, inda mutum fiye da 150 suka rasu. Shi ya sa ƙa'idar ita ce kwafi uku, a kan abu iri biyu, ɗaya a nesa. Labarin da ya fi so a nan shi ne na Maersk, kamfanin jiragen ruwa na Denmak. A watan Yunin 2017 cutar kwamfuta mai suna NotPetya, wadda ta taso daga Yukren, ta shafe musu na'urori a duniya baki ɗaya, har da sabobin da ke riƙe da sunaye da izinin ma'aikata, domin duk suna haɗe suna kwafar juna. Kamar yadda ɗan jarida Andy Greenberg ya ba da labari a mujallar Wired a 2018, kwafi ɗaya tak ya tsira, a ofishinsu na Ghana, saboda an ɗauke wuta kafin cutar ta iso, na'urar tana kashe. Aka ɗauki faifan a jirgi zuwa Najeriya, daga can wani ma'aikaci ya wuce da shi Landan. Shugaban kamfanin ya faɗa daga baya cewa sun sake girka saba 4,000 da kwamfuta 45,000 cikin kwana goma. Mu da muka sha dumsor, wato yawan ɗauke wuta, a 2015 mun san ba dabara ba ce ta cece su, tsautsayi ne ya zo da alheri, kuma aikin ɗan yayata shi ne ya yi da gangan abin da ɗaukewar wuta ta yi musu.

Ba a gadon wannan sana'a, ba a kuma koyar da ita a aji ɗaya. Shi ya fara ne da gyaran waya a Tip Toe Lane, ya zama yaron shagon intanet, ya yi kwas a cibiyar Kofi Annan da ke Ridge, wadda Ghana da Indiya suka kafa a 2003, sannan bautar ƙasa ta jefa shi hannun wani dattijo da ya shekara yana sa shi sauya kaset da rubuta lamba a jikin waya kafin ya bar shi ya taɓa allon ma'adana. Jarrabawar shaidar ƙwarewa da dala ake biya, kuma wanda ya ga yadda sidi ya zube a 2022 ya san abin da hakan ke nufi ga ɗan talaka. Ina murna da yadda ake koya wa yaran Nima, har da 'yan mata, rubuta manhaja. Damuwata ita ce kusan dukkansu ana nuna musu yadda ake gina sabon abu ne, kaɗan ne ake nuna wa yadda ake riƙon wanda aka gina. Ga gidajen ajiyar bayanai suna ƙaruwa a Akra da kewayenta, a Ring Road, a Appolonia, a Amrahia, kowanne yana buƙatar mai haƙurin karanta lamba sau biyu.

Mun kai kofi na uku na ataya wayarsa ta yi ƙara. Ya duba, ya ce ɗaya daga cikin faya-fayan ya kai kashi tamanin da biyar, akwai wata tsohuwar inuwa da masu binciken kuɗi suka roƙa a bar musu tun watan jiya, sai ya je ya ji ko sun gama da ita kafin ya share. Ya leƙa ɗakin mahaifiyarsa ya ce, "Mma, a ajiye mini tuwona." Ta ce a dawo lafiya. Ya ɗauki rigar sanyin daga kan igiya ya nufi bakin titi.